Baƙin harafi da jan wasali: tarihin launi da manuni daga allon tsangaya zuwa fuskar kwamfuta

Kalmar baƙi a Hausa tana ɗauke da ma'anoni biyu, domin ita ce sunan launin gawayi, ita ce kuma sunan harafin da ba wasali ba, kuma wannan haɗuwa tana da tushe a tarihin rubutu a ƙasar Hausa. Marubutan Alƙur'ani na dauri da na yanzu da baƙar tawada suke zana gangar jikin kalma, sannan su dawo da wani alƙalami dabam su ɗora mata wasulla da jar tawada, har launin ya zama sunan abin da ake rubutawa da shi. Yaron da aka kai makarantar allo a Durun ko Garo ko Gude cikin ƙaramar hukumar Kabo, ko a Getso da Kutama ta ɓangaren Gwarzo, da babbaƙu yake farawa, wato sanin haruffa tsirarsu ba tare da wasali ba, kafin ya shiga farfaru, inda ake koya masa wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a da ɗauri. Launi a wannan al'ada aiki yake yi irin na harafi, kuma tambayar da ta biyo shi tun farko ita ce inda ake ajiye ƙa'idarsa don kada ta ɓace, tambayar da masu aiki da kwamfuta suka sake cin karo da ita bayan ƙarnuka masu yawa.

Asalin tsarin daga wajen ƙasar Hausa ya zo. Ana danganta fara sanya ɗigo mai launi domin nuna wasali ga Abul Aswad Addu'ali, wanda ya rasu a shekara ta 69 bayan Hijira, kuma hikimar zaɓen launi dabam ita ce kada mai karatu ya ɗauki abin da aka ƙara a matsayin wani ɓangare na ainihin rubutun Mus'hafi, wanda malamai ke kira rasmu. A ƙarni na biyu Halilu ɗan Ahmad ya kawo siffofin wasulla da aka sani a yau, amma mutanen Madina, da mutanen Andalus da Magrib da suka bi sawunsu, sun riƙe al'adar launi. Abu Amr Addani, malamin ƙira'a haifaffen Ƙurɗuba wanda ya rasu a shekara ta 444 bayan Hijira, daidai da 1053, ya bayyana tsarin a littafinsa Almuhkam: ja domin wasulla da shadda da ɗauri, rawaya domin hamza, kore kuma domin alifin sadarwa. Wannan tsari ne ya ƙetaro Sahara tare da ruwayar Warshu daga Nafi'u da mazhabar Malikiyya, ya zauna a Barno da Kano da Katsina. Tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, da zuwan Almagili a zamanin Muhammadu Rumfa, sannan a Barno an samu Mus'hafi mai ɗauke da kwanan wata na shekarar 1669, wanda ke nuna cewa salon rubutun ya riga ya kafu tun kafin jihadin Shehu Usmanu da fiye da shekara ɗari.

Wanda ya buɗe shafin Alƙur'ani rubutun hannu irin na ƙasar Kano zai ga yadda aka raba wa kowane launi aikinsa. Haruffan masu kauri ne, fa tana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf tana da ɗigo ɗaya a sama, saɓanin yadda suke a bugun Gabas. Alifin da ake karantawa alhali ba ya cikin rasmu da ja ake tsayar da shi, shi ya sa almajirai ke kiransa alif ja, sunan da ya bi shi har kan allo inda da baƙar tawada ake rubuta shi. Hamzar yankewa dunƙulen ɗigo ce mai launin rawaya. Alifin sadarwa, wato wanda ke faɗuwa idan an haɗa kalmarsa da wadda ta gabace ta, yana ɗauke da koren ɗigo, kuma mazaunin ɗigon kansa bayani ne, domin idan yana sama da wasali bisa za a fara, idan yana ƙasa da wasali ƙasa, idan yana tsakiya da rufu'a. Akwai kuma ɗigon yamala a ƙarƙashin harafi, wanda ke nuna karkatar da wasali a ruwayar Warshu, kuma shi ne marubutan ajami suka ara domin rubuta wasalin e na Hausa, abin da haruffan Larabci ba su tanada ba. A ƙarshen kowace aya akwai 'yan ƙananan zagaye uku a haɗe, a kan aya ta biyar kumsa, a kan ta goma kuri, a gefen shafi kuma zayyana mai nuna izu da rabinsa da rubu'i da sumuni.

Kayan aikin kusan duk daga gona da daji da maƙera suke fitowa, shi ya sa sana'ar ta iya rayuwa a karkara irin yammacin Kano ba tare da jiran fatake ba. Alƙalami daga karan gamba ko sillen dawa ake fiƙe shi. Tawadar allo, wadda ake kira zuge, gawayi ne da ake niƙawa a haɗa da ƙaro, kuma an zaɓe ta ne saboda ruwa yana wanke ta, ko domin a sake rubutu ko domin rubutun sha. Tawadar takarda kuwa, 'yambari, daga 'ya'yan bagaruwa ake dafa ta tare da kashin maƙera, wato dattin ƙarfen da ke saura a murhun maƙeri, kuma sinadarin bagaruwa da na ƙarfe idan sun haɗu sukan kama takarda kamun da ba ya saki. Ja ana samunsa daga karan dafi, irin jar dawar da dukawa ke rina fata da ita, ko daga koya, rawaya kuma daga gangamau da makamantansa. Takarda ce kaɗai ta zama dole a sayo, kuma matafiyi Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya lissafa takarda mai tambarin wata uku cikin kayan Turai da ake sayarwa a kasuwa, irin wadda ake yi a arewacin Italiya a kawo ta hanyar Tarabulus.

Abin lura a nan shi ne launukan ba su taɓa zama iri ɗaya sak ba. Jan wani alaramma ya fi na wani duhu, rawayar wani ta yi kusa da ruwan ƙasa, gwargwadon inda ya samo kayan haɗi da yadda ya dafa su, amma wannan bai taɓa rikita mai karatu ba, domin abin da aka kiyaye shi ne matsayin launi, cewa ja wasali ne kuma rawaya hamza ce. Ita kuma wannan ƙa'ida ba a jikin allo take zaune ba, tunda allo kullum wanke shi ake yi, kuma yawanci da baƙar tawada kaɗai ake rubutu a kansa. A ƙirjin malami take, tana wucewa daga gwani zuwa alaramma, daga alaramma zuwa gardi, ta hanyar gyaran allo da sauraren tilawa, har ɗalibi ya kai matsayin da zai zauna ya rubuta izu sittin da ka, ya gama baƙaƙen, ya dawo ya bi su da wasali. Sau da yawa ma aikin rarraba shi ake yi, mai rubutu dabam, mai wasali dabam, mai zayyana dabam, kuma ba don dukansu sun sha daga tushe ɗaya ba da aikin bai haɗu ba.

Tare da launi akwai wani ƙaramin abu da ba a cika ambatonsa ba, wato abin nuni. Kolo, ƙaramin almajirin da bai daɗe da fara karatu ba, yakan riƙe tsinke ko ya kafa yatsa a ƙarƙashin harafin da ake biya masa, malam yana faɗa yana maimaitawa, tsinken yana matsawa daga dama zuwa hagu. Aikin tsinken guda ɗaya ne, ya ce wa ido ga inda aka tsaya. Manya ma suna da irin wannan buƙata ta wata fuskar, domin Alƙur'ani rubutun hannu ba a ɗinke shi, warƙoƙi ne a sake da ake tarawa cikin tadarishi a sa a gafaka, saboda haka marubuci yakan rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ta gabace ta, ta yadda ko iska ta watsa takardun za a iya mayar da kowace mazauninta.

Girgizar farko da wannan tsari ya fuskanta daga injin buga littattafai ta zo. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903 boko ya shigo da kayan aikinsa, kuma tafiretar ofis, mai zare rabi baƙi rabi ja, ita ce iyakar launin da akawu ya sani. Bugun Alƙahira na 1924 a ruwayar Hafsu ya nuna cewa ana iya buga Mus'hafi da baƙi zalla, a bar girma da siffa su yi aikin da launi ke yi, alifin da ba ya cikin rasmu ya zama ɗan ƙarami maimakon ja. A Kano masu harkar littattafai na kasuwar Kurmi sun bi wata hanya, suka riƙa ba ƙwararrun marubuta irin su Sharif Bala Gabari aikin rubutu da hannu, sannan a ɗauki hoton shafukan a buga su da yawa, wanda hakan ya ceci salon rubutun Kano daga ɓacewa. Sai dai kowane launi a injin bugu farantinsa dabam ne da kuɗinsa dabam, don haka ƙananan littattafai da yawa da baƙi kaɗai suka fito, injin fotokwafi kuma da ya yaɗu sai ya mayar da ja da rawaya da kore duk toka-toka. Daga baya, lokacin da Mus'hafin tajwidi mai launuka na Darul Ma'arifa ta Dimashƙa ya cika kasuwa, launukan sun dawo da sabuwar ma'ana, ja ya zama alamar madda, kore ya zama alamar gunna, har ya kasance almajirin tsangaya da ɗan Islamiyya suna kallon launi ɗaya kowa yana karanta abu dabam.

A daidai shekarun da ake wannan sauyi a Kano, injiniyoyi a Amurka suna fama da irin wannan matsala a kan na'urar da ake kira tamina, wato tashar rubutu mai maɓallai wadda mutum ke aika wa babbar kwamfuta umarni da ita, ta dawo masa da amsa cikin haruffa zalla. Taminar farko injin buga takarda ce, kamar Teletype Model 33 na shekarar 1963, kuma ba ta buƙatar abin nuni saboda kan injin da ke dukan takarda shi ne ke nuna inda harafi na gaba zai sauka. Da aka koma gilashi irin na talabijin sai wannan alama ta ɓace, dole aka ƙirƙiro manuni, ɗan haske mai ƙyaftawa, ko dai layi a ƙarƙashin gurbin harafi ko dunƙule mai cika gurbin. Na'urar VT100 da kamfanin DEC ya fitar a 1978, mai layi 24 kowanne da gurbin harafi 80, ta ba mai aiki damar zaɓen siffar manuni da zaɓen ko rubutu ya zama fari a kan baƙi ko baƙi a kan fari, kuma tana da ɗan ma'ajin da ba ya mantuwa idan an kashe wuta, inda ake adana zaɓin. Ke nan a wancan zamani saitin a jikin na'urar yake kwana.

Hanyar da kwamfuta ke gaya wa tamina ta sauya launi ko ta matsar da manuni ita ce ta cusa wasu alamomi a tsakiyar rubutun kansa, waɗanda ba a nuna su ga ido. Kowane irin wannan umarni yana farawa da alama ta 27 a jerin ASCII, wadda ake kira ESC, sai buɗaɗɗiyar baka mai kusurwa, sai lamba, sai harafin da ke rufewa. Da farko kowane kamfani da nasa salon, har sai da ƙa'idar ECMA-48 ta fito a Turai a 1976, takwararta ta Amurka, ANSI X3.64, ta biyo baya a 1979. A tsarin da ya daidaita daga bisani, lambobi daga 30 zuwa 37 launin harafi suke nufi, 31 ja, 32 kore, 33 rawaya, daga 40 zuwa 47 kuma launin bayan harafi, sifili kuwa yana nufin a watsar da komai a koma asali. Ƙa'idar ta faɗi sunan launi amma ba ta auna shi ba, shi ya sa lamba 33 ke fitowa ruwan ƙasa a fuskokin kwamfutocin IBM tun daga katin CGA na 1981, a wasu kuma ta fito rawaya sosai, kamar dai yadda rawayar alarammomi biyu ke bambanta.

Wannan lamba ta sifili da 'yan uwanta su ne tushen ƙorafin duk wanda ya taɓa gyara taminarsa. A yau tamina ba na'ura ba ce mai zaman kanta, manhaja ce da ke kwaikwayon tsohuwar na'ura, irin su xterm da aka fara a 1984, ko baƙar fuskar rubutu ta Linux, tsarin da Linus Torvalds ya fara a Helsinki ta ƙasar Finlan a 1991, wanda shi kansa daga ƙoƙarin rubuta manhajar tamina ya tsiro. Mai aiki zai iya aika umarni ya mayar da rubutu kore, ya mayar da manuni dunƙule saboda idonsa ba ya ganin siririn layi, amma zaɓin a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake, kuma manhajar gyaran rubutu irin Vim idan ta gama aiki takan share wurin da ta zauna. Tana yin haka ne ta hanyar duba wani kundi mai suna terminfo, magajin termcap da Bill Joy ya tsara a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1978, inda aka rubuta wa kowace irin tamina umarnin mayar da manuni yadda ya saba, kuma a shigarwar Linux wannan umarni ya haɗa da komawa siffar asali, wato siririn layin nan mai ƙyaftawa. Manhajar ba ta yi laifi ba, ladabi ta nufa, sai dai ba ta san cewa mai gida ya sauya shimfiɗa ba.

Maganin da aka samo shi ne a daina gyara abin da ke kan fuska kaɗai, a gyara abin da ake komawa gare shi, kuma wannan yana da matakai masu bambancin zurfi. Mafi kusa shi ne manhajar setterm, wadda ke da zaɓi mai suna store, wanda ke sa launin harafi da na bayansa da ake kai yanzu su zama su ne asali, ta yadda lambar sifili idan ta zo gare su za ta koma, sai dai wannan yana ƙarewa da zarar an kashe na'ura. Na biye shi ne a rubuta umarnin cikin fayil ɗin da ake karantawa duk lokacin da mutum ya shiga, kamar .bashrc, wasu ma sukan cusa shi cikin alamar jiran umarni, domin ya maimaitu bayan kowane aiki. Mafi zurfi shi ne a gaya wa zuciyar tsarin tun lokacin tashi, ta hanyar ƙara vt.color da vt.cur_default a saitin manhajar tayarwa ta GRUB, a sauya ainihin ruwan launuka goma sha shida da vt.default_red da vt.default_grn da vt.default_blu. A ƙasar da ɗaukewar wuta ke kashe kwamfuta sau da yawa a yini guda, matakin farko ɓata lokaci ne, kuma ɗalibin da ke koyon Linux a wayarsa ta Android da manhajar Termux ya fi kowa sauƙi, tunda fayil guda mai suna colors.properties ke riƙe masa launukansa, wani kuma mai suna termux.properties yana riƙe siffar manuni.

Idan aka auna tsarukan biyu, na alarammomi ya fi ƙarko, kuma dalilin a fili yake: launinsa ma'ana yake ɗauke da ita wadda jama'a guda suka yarda da ita, kuskure a cikinsa kuskure ne a karatu, saboda haka akwai mai gyara shi a kowace tsangaya. Launin tamina yawancinsa son rai ne da hutun ido, ban da 'yan wurare kamar jan saƙon kuskure da shuɗin sunan jakar fayiloli, shi ya sa babu wanda ke tsaron zaɓin mutum sai shi kansa. Ta wani ɓangaren kuma fayil ya fi ƙirji sauƙin kwafa, domin ana iya kwafe shi a filashi cikin minti guda a ɗauke shi daga Gwarzo zuwa Kano, alhali samar da alaramma guda yana cin shekaru masu yawa na ƙuruciyar mutum.

Hanyoyin biyu sun fara haɗuwa a wannan ƙarni, amma haɗuwar ba ta cika ba. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991 domin bai wa kowane harafi na duniya lambarsa, ya daɗe da ɗaukar haruffa masu lanƙwasa na boko, ɓ da ɗ da ƙ, kuma a fitowa ta 9.0 a shekarar 2016 ya ƙara fa da ƙaf da nun irin na Afirka da ake buƙata wajen rubutun Warshu da ajami. Ƙungiyar SIL ta fitar da zubin haruffa mai suna Alkalami, wanda aka zana a kan salon marubutan Kano, don haka a yau ana iya buga rubutu a kwamfuta ya fito da kaurinsa da siffarsa kamar na gafaka. Abin da Unicode bai ɗauka ba shi ne launi, domin a ƙa'idarsa launi ado ne da ke wajen harafi. Wanda ya kwafi aya daga shafin da aka yi wa jan wasali da koren ɗigo ya liƙa ta a saƙon waya ko a fuskar tamina, da launi ɗaya za ta fito masa, alif ja da hamza da rasmu duk babu bambanci.